Tolstoy ko Cekof: labarin da bai zo da darasi ba ya cancanci a karanta?

Malam: Assalamu alaikum jama'a. Jiya Auta ya tambaye ni da wane gajeren labarin Rasha zai fara, na ce ya ɗauki Tolstoy ya ƙyale Cekof. Hajiya ta ce sam ba ta yarda ba, to ga fili ga mai doki. Ni a wurina labarin da ka gama bai bar maka abin riƙewa ba ɓata lokaci ne. Ku dubi labarin Pahom da Tolstoy ya fitar a 1886. Manomi ne da ƙasa ba ta isarsa. Ya je wurin wata ƙabila da ake kira Bashkirawa, suka ce ya ajiye rubul 1,000, wato kuɗin Rasha, duk filin da ya zagaye da ƙafa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta nasa ne, amma in rana ta faɗi bai dawo inda ya tashi ba, kuɗinsa sun tafi. Ya yi ta faɗaɗa zagayen, ya hango wani kwari mai damshi ya ce ba zai bar shi ba. Da ƙyar ya iso da gudu, ya faɗi matacce. Baransa ya haƙa masa kabari, ƙafa shida, iyakar rabonsa ke nan. Ko ɗan firamare ka karanta wa wannan ya fahimta. Cekof kuwa sai ka kai ƙarshe kana juya shafi kana neman saura.

Hajiya: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, labarin Pahom mai kyau ne, amma tun daga shafi na biyu na san inda zai ƙare, kamar tatsuniyar kura da kwaɗayinta. Bari in kawo maka na Cekof na wannan shekarar ta 1886, mai suna Toska, wato ƙuncin zuciya. Iona tsoho ne mai jan fasinja a keken doki cikin birnin Petersburg. Ɗansa ya rasu a makon. Dusar ƙanƙara na zuba, ya ɗauki wani hafsan soja, ya fara faɗa masa, hafsan ya rufe ido. Ya ɗauki samari uku, suna zaginsa wai ba ya sauri, shi kuwa har daɗin zagin yake ji don dai akwai mutane a bayansa. Ya koma masauki ya fara ba wani matashin direba labari, kafin ya ankara yaron ya yi barci. Daga ƙarshe ya tafi barga ya zayyana wa goɗiyarsa komai. Shafi biyar ko shida ne. Shekara ashirin na yi ina aikin jinya, kuma na sha ganin Iona a bakin ɗakin marasa lafiya, mutumin da ba magani yake nema ba, wanda zai saurare shi yake nema. Tun da na karanta shi ban ƙara katse mai makoki ba. In wannan ba abin riƙewa ba ne, mene ne?

Malam: Ke kika ciro darasin da kanki, Hajiya. Marubucin bai faɗa ba.

Hajiya: Shi ya sa ya zauna mini. Wanda aka ɗura mini a baki nakan manta kafin gari ya waye.

Auta: Ranki ya daɗe, Cekof ɗin ne mai labarin yaron nan da ya rubuta wa kakansa wasiƙa? Wani abokina ya taɓa ba ni shi a baki.

Hajiya: Shi ne, Auta. Vanka, yaro ɗan shekara tara, maraya, an kai shi Mosko koyon ɗinkin takalma. Daren Kirsimeti masu gida sun tafi coci, ya durƙusa yana rubuta wa kakansa irin dukan da yake sha da yunwar da yake kwana da ita, yana roƙon a zo a ɗauke shi. Ya rubuta a bayan ambulan cewa zuwa ga Kaka a ƙauye, ya ƙara sunan kakan, ya jefa a akwatin gidan waya, ya kwanta yana mafarkin ana karanta wasiƙar. Yaron bai san ba za ta isa ba, kai mai karatu ka sani. Duk wanda ya taɓa ganin 'yar aikatau da aka kawo birni daga ƙauye, ba sai an yi masa sharhi ba.

Kawu: Na bar ku kun yi nisa tukuna. Ni dai ina ganin kun tsallake mai gida kuna gardama a kan 'ya'ya. Kafin a haifi Cekof a 1860, marubucin Rasha Gogol ya riga ya fitar da Shinel a 1842, labarin babbar rigar sanyi. Akaki ƙaramin akawu ne, aikinsa kwafe takardu, albashinsa rubul 400 a shekara. Rigarsa ta mutu har tela Petrovic ya ce ba wurin da allura za ta kama, sabuwa kuma rubul 80. Mutumin nan ya daina shan shayin dare, ya daina kunna kyandir, yana takawa a hankali kada takalminsa ya cinye. Ranar da ya fara sa rigar, a daren aka ƙwace ta. Ya kai kuka wurin wani babban jami'i, shi kuma don ya burge abokinsa da ke zaune ya daka masa tsawar da ta sa ya fita cikin sanyi jiki na rawa, zazzaɓi ya kama shi ya mutu. Shekara talatin da biyar na yi a aikin gwamnati. Na zauna teburi ɗaya da irin Akaki, kuma da na samu girma akwai ranar da na yi wa wani masinja irin wannan tsawar. Har yau tana damuna. Auta, da wannan za ka fara.

Malam: Kawu, ban musa Gogol ba. Amma in tausayi ake nema, Tolstoy ya haɗa shi da ma'ana. Mutuwar Ivan Ilyic fa? Alƙali ne ɗan shekara 45, ya zame daga tsani yana nuna yadda za a rataya labule a sabon gidansa, ya bugu a kwiɓi, ciwon da ya zama ajalinsa. Abokan aikinsa da suka ji rasuwar, abin da ya fara zuwa musu shi ne wa zai gaji kujerarsa. Yana kwance ya gane cewa duk rayuwar da ya yi don a ce ya yi daidai ba komai a cikinta. Wannan ai wa'azin mutuwa ne, kuma mu mun san darajarsa.

Hajiya: Na yarda da wannan littafin ɗari bisa ɗari, Malam. Amma me ya fi tsaya maka a rai? Ni Gerasim ne, baran gidan, wanda yake kwana riƙe da ƙafafun maigidansa a kafaɗa don ciwon ya lafa, shi kaɗai ne bai yi masa ƙaryar zai warke ba. Nan Tolstoy nunawa ya yi, bai yi huɗuba ba. Haka littafinsa Haji Murat, da bai fito ba sai 1912 bayan rasuwar Tolstoy. Jarumi ne Musulmi daga tsaunukan Kafkas, na hannun daman Imam Shamil, jagoran masu yaƙi da Rashawa a yankin, suka ɓata ya koma wajen Rashawa a 1851, iyalinsa na tsare a hannun Shamil. Tolstoy da ya yi soja a yankin ya rubuta yadda dakarun ƙasarsa suka ƙone ƙauye, suka ɓata wurin ɗiban ruwa da masallaci da ƙazanta. Bai tsaya ya ce ga darasi ba.

Malam: A'a Hajiya, a nan kam na kama ki. Da me ya buɗe littafin? Da ciyawa mai ƙaya da amalanke ya take a gonar da aka huɗe, ta karye amma ta ƙi kwanciya, ya ce ita ta tuna masa da mutumin. Ya ba ka mabuɗin tun daga ƙofa. Cekof ko mabuɗin ba ya bayarwa. Labarin matar nan mai ɗan kare na 1899, mai aure da matar wani sun haɗu a Yalta, ya ƙare suna tunanin mafi wuyar lamarin yanzu zai fara. Bai ce sun yi laifi ba. Wannan zan miƙa wa yaro kamar Auta?

Hajiya: Wannan ba da shi zai fara ba, na ba ka gaskiya. Amma kada a ɗauka shirun Cekof rashin damuwa ne. Likita ne, kakansa bawa ne da ya fanshi kansa. A 1890 ya ratsa Saiberiya har tsibirin Sakhalin inda ake kai fursunoni, ya bi su gida gida ya cike katin ƙidaya kusan 10,000. A wata wasiƙa ta 1888 ga mawallafinsa Suvorin ya nuna cewa abin da ke kan marubuci shi ne ya ɗora tambaya daidai, warwarewa ta masu karatu ce. Kuma Tolstoy ɗin naka da bakinsa yake karanta wa baƙinsa labarin Cekof mai suna Dushecka, don tsananin son da yake yi masa.

Malam: Ya karanta, amma ya rubuta cewa Cekof ya nufi kushe matar da ke cikin labarin sai alƙalaminsa ya yabe ta. Ko a can ma'ana yake nema. Ban sauka daga ra'ayina ba, sai dai zan nemi labarin Iona in karanta daren nan.

Auta: Ni na samu na Gogol a waya, Kawu, na kai inda tela yake duba tsohuwar rigar yana girgiza kai. Hajiya, ki turo mini Vanka in na gama.