Tsohuwar laftof ko Raspberry Pi: wanne ya dace da sabar gida?

Mubarak

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son haɗa ƙaramar sabar a ɗaki (kwamfutar da ke zama a kunne tana yi wa sauran na'urori hidima), abin da zan riƙa taɓawa a ƙarshen mako idan na huta daga ofis. Buƙatuna uku ne: hotuna da bidiyon wayata su riƙa sauka a kanta da kansu (sun kai gigabait 300, kuma kullum ƙaruwa suke), in toshe tallace-tallace a duk na'urorin gida, sannan in iya buɗe fayilolina ko ba na gida. Akwai tsohuwar laftof mai Core i5 zubi na shida da RAM gigabait 8 a ajiye tana shan ƙura, amma duk inda na leƙa Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar nan mai girman tafin hannu, ake yabo. In saya ne, ko laftof ɗin ta wadatar? Lokacin da nake da shi bai wuce awa uku zuwa huɗu a mako ba, ba na son abin ya zame mini aiki na biyu.

Injiniya Hauwa

Wa'alaikumus salam, Malam Mubarak. Ka bar kuɗinka a aljihu. Wannan laftof ta fi Pi 4 ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ta zo da abubuwa uku da mai Pi sai ya neme su daban: batir, allo da madannai. Ranar da ka kwaɓa saitin sadarwa har SSH, hanyar shiga sabar daga wata kwamfuta, ya ƙi shiga, murfi kawai za ka ɗaga ka gyara. Mai Pi kuwa sai ya nemo talabijin da kebul ɗin micro-HDMI.

Inda Pi ya sha gabanta shi ne cin wuta. Pi 4 da ke zaune ba aiki yana jan kamar wat 3, laftof irin taka da allonta a kashe tana jan wajen wat 10. Shekara awa 8,760 ce, ke nan kilowat-awa 26 a nan, 88 a can. Bambancin bai kai a sayi sabuwar na'ura da cajarta da fankarta saboda shi ba.

In faifai mai juyawa ne a cikinta, cire shi ka sa SSD (faifan da ba ya juyawa) mai inci 2.5. Ka ɗora tsarin Linux, Debian ko Ubuntu Server, wanda ba shi da tagogi da linzami, don RAM ɗin ya tafi kan aikin da kake so. Ka haɗa ta da rauta ta kebul, ka manta da Wi-Fi. Sannan ka shiga shafin DHCP na rautar, inda take raba adireshi, ka ɗaure lambar MAC ta laftof ɗin, wato lambar shaidar katin sadarwarta, da adireshi guda, misali 192.168.1.10. In ba ka yi haka ba, wata rana rauta za ta ba ta wani adireshin, duk abin da ka saita ya daina ganin ta.

Da zarar ka rufe murfi za ta yi barci. Maganinsa yana cikin /etc/systemd/logind.conf: ka nemi layin HandleLidSwitch, ka cire alamar # da ke farkonsa, ka mayar da shi HandleLidSwitch=ignore, ka sake kunna ta. Wasu laftof ta wajen maɗaurin murfi suke fitar da zafi, irin waɗannan gara a bar su a ɗan buɗe.

Batirin ne nake son ka fi sa wa ido. Batirin litiyom da ya shafe watanni a kan kashi 100 cikin zafi shi ne yake kumbura. In laftof ɗin tana karɓar iyakar caji, kamar yawancin ThinkPad, ka sa manhajar TLP, ka ba START_CHARGE_THRESH_BAT0 lamba 75, STOP_CHARGE_THRESH_BAT0 kuma 80. Idan ka ga wurin taɓa linzami ya fara tasowa, ko ƙasanta ya daina zama daidai a kan tebur, cire batirin a ranar.

Sadiq

Na yarda da Injiniya, sai dai akwai lam'a guda. Idan wuta ta ɗauke har batir ya ƙare, laftof da yawa ba sa tashi da kansu in ta dawo, sai an danna maɓalli. Kana ofis, sabar tana kwance a gida. Ka duba BIOS, saitin da ake shiga lokacin kunna laftof, tun yanzu: a ThinkPad sunan saitin Power On with AC Attach, a Dell kuma Wake on AC. Pi ba shi da wannan matsala, wuta na shiga yake tashi.

Ga masu karanta wannan da suka riga suka sayi Pi: mafi yawan abin da ake kira lalacewar Pi, caja ce. Pi 4, wanda ya fito a 2019, yana son bolt 5 da amfiya 3. Pi 5 na 2023 yana son amfiya 5, kuma in ka ba shi caja mai ƙasa da haka yana taƙaita duk ramukan USB ɗinsa zuwa miliamfiya 600, alhali da cikakkiyar caja amfiya 1.6 yake bayarwa. Faifai mai juyawa na inci 2.5 yana iya jan kusan amfiya guda lokacin da yake tashi. Shi ya sa za a ji yana ƙas-ƙas, ya bayyana ya ɓace. Siririn kebul ma yana jawo haka ko da cajar mai kyau ce, don wutar tana raguwa a hanya. Ka rubuta vcgencmd get_throttled: in ya ba ka 0x0 lafiya lau, in ya ba ka 0x50000 to wuta ta taɓa yin ƙasa tun da aka kunna shi, har ya rage gudu. Kuma kada a bar rumbun bayanai a kan katin SD. Ƙananan rubuce-rubucen da ba sa tsayawa su ke kashe katin, balle wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu.

Malam Kabiru

Kun yi maganar na'ura, ni hotunan ne suka dame ni. Mubarak, gigabait 300 ɗin nan sun fi laftof ɗin da Pi ɗin daraja in aka haɗa, don su ne ba a iya sake saya.

Manhaja biyu aka fi amfani da su a wannan aiki, kuma ba abu ɗaya suke yi ba. Syncthing daidaita folda biyu take yi. Ma'ana in ka goge hoto a waya don samun wuri, ita ma za ta goge shi a sabar, sai fa in ka kunna ajiye tsofaffin kwafi a saitin foldar. Mutane da yawa ba sa gane haka sai bayan aikin gama ya gama. Immich kuwa ɗaukar hoton take ta ajiye, ta jera maka su bisa kwanan wata, ta tattara fuskoki, kusan yadda Google Photos ke yi. Ita ce ta dace da buƙatarka. Ta Docker Compose, manhajar ɗora wasu manhajoji, ake ɗora ta, kuma gigabait 8 ɗinka sun ishe ta.

Ka sayi faifan waje na terabait 2. Immich tana ƙirƙirar ƙananan hotunan dubawa da sauƙaƙan kwafin bidiyo, waɗanda ke ƙara kamar kashi 10 zuwa 20 a kan girman asali, to ka sa wannan a lissafi. Hotuna su zauna a faifan waje, rumbun bayananta na PostgreSQL ya zauna a SSD na ciki. A ɗorin farko fankar laftof za ta yi ta gurnani na sa'o'i masu yawa saboda aikin gane fuskoki. Ba lalacewa ba ce. In zafin ya yi yawa, ka rage adadin ayyukan da take yi lokaci guda a shafin gudanarwa.

Faifan wajen ka tsara shi da ext4, tsarin faifai na Linux, kada ka bar shi a NTFS ko exFAT da ya zo da shi, don izinin fayiloli na Linux ba ya tafiya daidai a kansu. A /etc/fstab ka kira shi da lambar UUID da blkid zai nuna maka. Sunaye irin /dev/sdb suna canzawa gwargwadon wanda ya riga tashi. Ka ƙara kalmar nofail, in ba haka ba ranar da kebul ya saki, laftof ɗin za ta maƙale a wajen tashi tana jiran faifan da ba ya nan. Amma nofail tana da nata tarkon: tsarin zai tashi ba faifan, manhajoji su ci gaba da zuba fayiloli a cikin foldar da babu komai, wato a kan SSD, har ya cika. Kafin ka ɗaura faifan a karon farko, ka yi chattr +i a kan wannan foldar tana wofi. Daga nan ba abin da zai iya rubutu a cikinta sai faifan yana ɗaure.

Sai kwafin ko-ta-kwana. Ƙa'idar da aka sani ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wajen gidan. Faifai biyu da ke manne a laftof ɗaya, ko da RAID ne (inda ɗaya ke kwafar ɗaya kai tsaye), ɓarawo ɗaya ko tartsatsin wuta ɗaya ya ishe su, kuma abin da ka goge bisa kuskure yana gogewa a duka biyun nan take. Ka sami faifai na biyu da ba ya zama a jone, ka riƙa kwafa da manhajar restic. Umarnin restic forget --keep-daily 7 --keep-weekly 4 --keep-monthly 12 --prune zai bar maka na kwana bakwai, mako huɗu da wata goma sha biyu, ya share sauran. Kalmar sirrin restic ka rubuta ta a takarda, don in ta ɓace babu mai iya buɗe maka kwafin. Kuma ka haɗa da kwafin rumbun bayanan Immich, in ba haka ba hotuna za su dawo amma kundaye da sunayen fuskoki sun tafi.

Sau ɗaya a wata ka dawo da folda guda daga kwafin zuwa wani wuri, ka buɗe hotunan da idonka. A ranar kuma ka yi smartctl -a, umarnin duba lafiyar faifai, a kan faifan (ta USB wani lokaci sai ka ƙara -d sat), ka duba layuka masu lambar ID 5 da 197. In lambobinsu sun bar sifili suna hawa, faifan ya fara sallama.

Mubarak

Allah ya saka da alheri, laftof ɗin zan yi amfani da ita. Saura biyu. Don shiga daga waje, in buɗe ƙofa (port) a rauta ne? Kuma Pi-hole, manhajar toshe talla, tana aiki a kan abin da ba Pi ba?

Zainab

Tana aiki a kan Debian da Ubuntu sarai, sunan ne kawai. A Ubuntu za ka iya tarar da systemd-resolved, wani ɓangare na tsarin, ya riga ya kama ƙofa ta 53 da Pi-hole ke buƙata, musamman in ta Docker ka ɗora. Ka sa DNSStubListener=no a /etc/systemd/resolved.conf.

Ka san iyakarta tun yanzu don kada ranka ya ɓaci: ba ta toshe tallan cikin YouTube, saboda talla da bidiyon daga adireshi iri ɗaya suke fitowa. Wayar Android da aka kunna wa Private DNS ma tsallake ta take yi. Babbar matsalar kuwa ita ce, da zarar ka nuna wa rauta cewa laftof ce DNS, wato mai fassara sunayen shafuka zuwa adireshi, duk lokacin da ta mutu gidan gaba ɗaya zai ga kamar intanet ce ta ɗauke. Wasu suna sa 8.8.8.8, DNS ɗin Google, a gurbi na biyu, sai talla ta riƙa kutsowa, don na'urori ba sa jiran na farko ya faɗi kafin su tambayi na biyu. Shawarata ka saita ta a wayarka kaɗai na mako guda, ka ga shafukan da ta karya, kafin ka ɗora wa kowa.

Ƙofa kuma kada ka buɗe, ɗan'uwa. Ƙofa ta 22, ta SSH, da aka buɗe wa duniya ba ta daɗewa kafin na'urori masu gwada kalmar sirri su fara ƙwanƙwasa ta, ta 445 kuwa, ta raba fayiloli, kada ka buɗe ko da wasa. Wataƙila ma ba za ta buɗu ba: duba adireshin WAN, wanda kamfanin intanet ya ba ka, a rautar, in ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, kamfanin intanet ɗinka ya sa ku da yawa a bayan adireshi guda, abin da ake kira CGNAT. Ka sa manhajar Tailscale a laftof da waya. A kan WireGuard, wata fasahar VPN, aka gina ta, tana haɗa na'urorinka ba tare da ka taɓa rauta ba. Abu guda da ake mantawa: makullin kowace na'ura yana ƙarewa bayan kwana 180. Ka shiga shafin gudanarwa ka kashe ƙarewar makulli ga sabar kaɗai, kada wata shida nan gaba ta ɓace maka kana kan tafiya.

Ko a cikin gida, ka koma shiga SSH da makulli, ka sa PasswordAuthentication no, ka kunna unattended-upgrades don gyaran tsaro ya riƙa sauka da kansa. Immich dai kada ka bari ta sabunta kanta. Ka karanta bayanin sabon zubi tukuna, don wani lokaci sai an gyara fayil ɗin Compose.

Injiniya Hauwa

Tunda awa huɗu gare ka a mako, kada ka haɗa su rana ɗaya. Makon farko Debian da faifai, na biyu Immich, na uku restic, Tailscale da Pi-hole su biyo baya. In abu ya karye za ka san wanda ka taɓa.

Na manta ban faɗa ba: kafin ka fara kwashe gigabait 300 ɗin, ka duba sunan katin sadarwarka da ip link, ka yi ethtool a kansa, ka karanta layin Speed. In ya ce 1000Mb/s za ka samu kamar megabait 110 a daƙiƙa, aikin bai kai awa ɗaya ba daga wata kwamfutar da ke kan kebul. In ya ce 100Mb/s, megabait 11 ne, ka doshi awa takwas. Gudun gigabit yana buƙatar duk wayoyi takwas na cikin kebul, na 100 kuwa huɗu sun ishe shi, don haka waya ɗaya da ta tsinke a bakin filogi tana iya sauko da kai ba tare da wani gargaɗi ba. Canza kebul ɗin da Cat5e mai lafiya. In har yanzu 100 ne, duba bayan rautar, wasu ramukansu iyakarsu ke nan.