"Labarin zuciya a tambayi fuska": har a gidan makoki?

Ɗan Adar: Jama'a, ina da ja da wannan karin magana. A unguwarmu nan Tawa an aiko da rasuwar wani saurayi da ya tafi ci-rani Abijan, can aka yi masa sutura. Na je gaisuwa na tarar da mahaifiyarsa kan tabarma, ana "ya haƙuri?" tana "da godiya", ita ce ma ke cewa a dama wa baƙi hura. Ko ɗigon hawaye babu. To me fuskar nan ta faɗa?

Inna: Ɗana, ɗan farinta ne?

Ɗan Adar: Shi ne, Inna.

Inna: To kunya ce. Wadda ba ta kama sunansa yana raye, yaya za ta yi kukansa gaban surukai? Ka tambayi masu kwana ɗakinta ko ta sa loma a baki. Ni na yi takaba wata 4 da kwana 10, kuma kwanakin zaman makoki sun fi mini sauƙi, don gida cike yake. Sai da aka yi sadakar arba'in, aka naɗe tabarmi, kowa ya kama gabansa, sannan abin ya sauko mini.

Malamin Yamai: Allah ya jiƙan Baba, Inna. Ni dai ina ganin maganar magabata na nan daram, gaggawar tambaya muke yi. Annabi Yakubu ya ce haƙuri mai kyau zai yi, amma a aya ta 84 ta Suratu Yusuf idanunsa sun yi fari don baƙin ciki. Manzon Allah (SAW) ma ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Kururuwa da yaga tufa da marin fuska aka hana. Masu tsawata wa mai hawaye da "ba ka da tawakkali" su bari, zalunci ne.

Ƙanwar kowa: Malam, mu fa in an ga amarya na murmushi ko maigida ya shigo a murtuke muke faɗarta. Ban taɓa jin an kai ta gidan rasuwa ba.

Malamin Yamai: Ba a furta ta a can, gaskiyarki, rashin ta-ido ne. Amma da ita ake gane wanda ya kamata a zauna kusa da shi.

Ɗan Adar: Har yanzu ban gamsu ba, Malam. Mai makon jira fuska ta rame, ai gara a leƙa.

Inna: To ka tura maiɗakinka bayan arba'in, da la'asar, ta taya ta tsince wake. Kada ta tambaye ta komai.