Na sa Debian amma baƙin allo kawai nake gani

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 a watan Oktoban 2025, na goge shi na sa Debian 12, wani nau'in Linux, a tsohuwar laftof ɗina mai RAM giga 2. Da na kunna, ba hoto ba linzami, sai baƙin allo da rubutu yana neman suna da kalmar sirri. Na ɓata ta ne?

Mai gyaran kwamfuta: Wa alaikumus salam ƙanena. Ba abin da ka ɓata. Lokacin sawa akwai wurin da ake zaɓen fuskar da za ka yi aiki a kanta, ga alama ka cire alamar. Debian ɗin na nan lafiya, riga ce kawai ba ta da ita. Shiga da sunanka ka rubuta sudo apt install task-xfce-desktop, wannan umarnin zai sa maka fuskar da ake kira Xfce.

Ɗalibi: Yaya, Debian ɗin ya ce bai san sudo ba.

Mai gyaran kwamfuta: To ka sa wa root, wato asusun mai cikakken iko a kwamfutar, kalmar sirri kenan, in an yi haka Debian ba ya ba ka sudo, umarnin da ake aron ikon root da shi. Rubuta umarnin "su -" ka sa kalmar sirrin root, sannan ka maimaita umarnin ba sudo a gaba.

Malama: Ni fuskar GNOME nake amfani da ita, ta fi kyan gani. Amma a giga 2 kada ka soma. Na gwada a kwamfutar ɗakin karatunmu, da ka buɗe Firefox sai ta tsaya tana nishi. Xfce ko LXQt su ne daidai da ita.

Baba mai ɗab'i: Ku bi a hankali da kuɗin data. Wannan task-xfce-desktop ɗin yana jawo LibreOffice da Firefox da tarkace masu yawa. In data ta yi maka tsada, ɗana, apt install xfce4 lightdm ya ishe ka, sauran ka ƙara daga baya. LightDM shi ne allon da zai tarbe ka da akwatin kalmar sirri. Kuma ka cika batir kafin ka fara. Ni an taɓa ɗauke min wuta ana tsaka da sawa, laftof ba batir, na kwana ina zaton komai ya lalace. Da safe dpkg --configure -a da apt -f install suka ɗinke min shi.

Ɗalibi: Na bi hanyar Baba, ya gama. Na sake kunnawa, har yanzu baƙin allon ne.

Mai gyaran kwamfuta: Rubuta systemctl get-default. In ya ce multi-user.target, to an gaya masa ya tsaya a rubutu ne. Canza shi da systemctl set-default graphical.target a matsayin root, ka sake kunnawa. In kana son gani yanzu-yanzu, fita daga root ka rubuta startx.

Ɗalibi: Alhamdu lillahi! Ga ɗan ɓeran tambarin Xfce a allo, linzami na motsi. Allah ya saka muku da alheri.

Malama: Amin. Tunda da Hausa kake rubutu, shiga saitin kibod ka ƙara tsarin Najeriya, a ciki akwai na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ. Ko ka rubuta setxkbmap ng hausa, sai dai wannan yana gushewa in ka kashe kwamfutar, na cikin saiti ne yake zama.