Fayilolina sun koma alamar gajimare, sai da intanet suke buɗuwa

Assalamu alaikum. Manhajar da ke daidaita fayilolina da ma'ajiyar intanet ta ce za a daina tsohuwar sigarta, sai na sabunta. Tun daga nan kowane fayil ya fito da 'yar alamar gajimare, girmansa a kan faifai sifili. In babu intanet, ko PDF ba ya buɗuwa.

Na zaɓi a ajiye komai a kwamfutar, ta fara saukewa ta tsaya cak, wai wuri ya cika. Da gaskiyarta, kayan 300GB ne, faifan 256GB. Na so in mayar da folda kan faifan waje, zaɓin ya dushe, ba ya dannuwa. Goge manhajar kuwa ina tsoro, kada fayilolin su bi ta.

Don Allah, yaya zan sauke komai kai tsaye kan faifan waje?