Wai shiru ne maganin ɗan tsokana? Ni dai na gwada bai yi ba

Baban Walid:
Salamu alaikum jama'a. Wallahi yau raina a ɓace yake shi ya sa na ce bari in amayar da abin da ke cikina ko na samu sauƙi. Wata uku ke nan wani mai akawun ɗin bogi, ba suna ba komai sai hoton zaki, duk abin da na ɗora a Facebook sai ya biyo ni da baƙar magana. Na ɗora hoton kwatar unguwarmu da shara ta toshe ya ce yunwa ke damuna ina neman 'yan siyasa su kira ni, na ɗora hoton sunan ɗana ya ce ragon bashi ne, duk na haɗiye saboda kowa cewa yake yi banza da shi zai gaji. To bai gaji ba, jiya da daddare mahaifina ya taɓa, mutumin da yau shekara 6 yana kwance a kabari. Sau biyu ina bulokin ɗinsa yana buɗe sabo. Masu cewa shiru ne maganin irin waɗannan ba a taɓa zagar musu uba ba ne, shiru ƙara musu kuzari yake, maganin biri karen Maguzawa. Kuma na tabbata baƙo ne, ɗan Zariya na asali da ya tashi a cikin ganuwa ba zai zagi mamaci ba.

Maman Ummi:
Innalillahi. Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa. Ka yi haƙuri Yaya, amma kar ka rama, hadisi ne ingantacce cewa mutum yana zagin iyayensa ta hanyar zagin na wani a rama a kansu.

Ɗan Muciya:
Allah ya jiƙan mahaifinka. Amma tsaya malam, waye baƙon? Mu da aka haifa a Sabon Gari mu ne marasa tarbiyyar ke nan? Kakana jirgin ƙasa ne ya kawo shi aikin reluwe, a nan ya mutu a nan aka binne shi, babana a Muciya aka yanke masa cibi, ni ma haka, yau kuma don an zage ka sai ka juyo ka ce aikin baƙi ne. Har yaushe za mu daina zama baƙi a wurinku?

Baban Walid:
Ni ban ambaci Sabon Gari ba.

Ɗan Muciya:
Ka ce cikin ganuwa. Sabon Gari a cikin ganuwa take? Tudun Wada fa? Samaru fa? Ai ko makaho ya san inda ka dosa.

Alhaji Na Kwarbai:
Ɗan Muciya ka rage zafi. Gaskiya ɗaya ce, tarbiyyar birni daban take, yaro a cikin gari in ya yi rashin kunya kafin ya isa gida labari ya riga shi domin kowa ya san gidan da ya fito. Ku can waje kowa ya zo da halinsa. Ba zagi ba ne, haka abin yake, kuma ku ƙaramar hukumarku ma daban ce.

Malamin Tarihi:
Alhaji da girmanka, in dai asali za a tono to wallahi ba wanda zai sha. Gidajen sarautar Zazzau huɗu ne, Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa, ka saurari sunayen kawai za su gaya maka daga inda aka taso. Sarakunan Haɓe da aka tarar lokacin jihadi kudu suka yi, su ne suka kafa garin Abuja na farko wanda yanzu ake kira Suleja, shi ya sa har gobe sarkin can Sarkin Zazzau Suleja ake ce masa. Abubakar Imam da muke tinƙaho da shi, wanda ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a Kagara aka haife shi. Kwalejin Barewa daga Katsina ta faro ta bi ta Kaduna kafin ta sauka a nan. Garin da ilimi ya gina shi, da jami'ar ABU tun 1962 tana kwaso mutane daga ko'ina, shi ne za a tsaya ana ware baƙo da ɗan gida?

Alhaji Na Kwarbai:
Kar ka sa gidajen sarauta a wannan maganar. Ka iya bakinka.

Malamin Tarihi:
Ban faɗi abin da ba ya cikin littafi ba Alhaji.

Bakanon Samaru:
Ni dai shekarata 14 a Samaru kuma tsakanin Kanawa da Zage-zagi wasa ne kowa ya sani, amma wannan ta yau ba wasa ba ce ta yi min ciwo, kullum in abu ya lalace a garin nan sai a ce baƙi ne, in kuma ana neman gudummawar masallaci ko gyaran taransifoma ba mai tambayar inda aka haife ka.

Barista:
Jama'a mun bar jaki muna dukan taiki. Mutum ya zo da matsala. Baban Walid ga abin da na sani: dokar laifukan intanet ta 2015, sashe na 24, da shi aka riƙa kama mutane kan zagi da cin mutunci, tarar har naira miliyan 7 ko ɗaurin shekara 3. Amma an yi mata gyara a 2024 an taƙaita sashen, yanzu ya fi karkata ga batsa da ƙaryar da aka yaɗa da gangan don tada hankalin jama'a ko barazana ga rai, saboda haka zagi tsagwaronsa ba lallai ya shiga ba. Ɓata suna dai laifi ne har yanzu kuma kana iya kai ƙara, sai dai wa za ka kai, zaki? Ka fara ɗaukar sikirinshot na komai da kwanan wata kafin ya goge, ka kulle shafinka ya zama abokanka kaɗai ke iya yi maka kwamen, ka sa mutane da yawa su kai rahoton akawun ɗin. Kuma ka sani tun da Facebook ya fara biyan masu shafuka a Najeriya kuɗin talla a 2024 wasu rigimar ce abincinsu, duk amsar da ka ba su ƙara ɗaga su take.

Ɗan Muciya:
Barista ba mu ƙi taka ba amma sai ya janye kalmar baƙo tukuna.

Maman Ummi:
Haba Ɗan Muciya, an zagi mahaifin mutum kai kalma ɗaya ka riƙe tun ɗazu. Ni ma a Tudun Wada nake aure kuma ban ji haushi ba.

Ɗan Muciya:
Ke ai 'yar Ƙofar Doka ce aure ne ya fitar da ke, dole ki kare ɗan'uwanki.

Abba Gyallesu:
Ni fa akwai abin da na lura. Na je na duba kwamen ɗin mai zakin nan, duk inda zai rubuta wallahi sai ya rubuta wlh da alamar tambaya uku uku, kuma akwai wani a cikinmu da haka yake rubutu. Ban kira suna ba.

Ɗan Muciya:
Kira sunan mana in ka isa!!! Abba ni za ka yi wa ƙazafi? Don na tambaye ka lissafin kuɗin gayyar kwashe kwata da aka tara bara shi ne ka ƙullace ni? Wallahi ban yafe ba, rabin matasan Arewa wlh suke rubutawa.

Abba Gyallesu:
Kuɗin gayya an karanta lissafinsa a gaban kowa bayan sallar la'asar, kai ne ba ka zo ba. Kuma ni ban ce kai ba ne, in ba rami me ya kawo maganar rami.

Ustaz:
Ku ji tsoron Allah. Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana yawan zato da bin diddigin juna. Shi kuma Baban Walid, Suratul Furƙan aya ta 63 ta ce bayin Allah in jahilai sun yi musu magana sai su ce salama.

Malamin Tarihi:
Ustaz a haɗa da Nisa'i 148, wanda aka zalunta an ba shi damar ya ɗaga murya. Kar a riƙa kawo rabi.

Ustaz:
Karatun tafsiri ba a aji na tarihi ake yinsa ba malam.

Alhaji Na Kwarbai:
To tun da ni ne babba a nan bari in tattara. Abin da aka cimma shi ne kowa ya yarda Baban Walid an zalunce shi kuma bai faɗi wani abin laifi ba, wasu ne kawai suka ɗauki maganar da zafi saboda abin da ke ransu tun da can. An kuma tabbatar tarbiyyar cikin gari ba ta bar yaro ya zagi mamaci ba. Maganar Suleja da gidajen sarauta ba wurinta ba ne, wanda ya kawo ta ya yi kuskure. Zargin da Abba ya yi abin dubawa ne. Ɗan Muciya ya ba da haƙuri a wuce wurin.

Ɗan Muciya:
Ni zan ba da haƙuri??? Wa ya yarda, yaushe aka tabbatar?

Bakanon Samaru:
Alhaji shawarar Barista fa, ko layi ɗaya ba ka saka ba.

Baban Walid:
Yanzun nan ya sake buɗe wani akawun, wannan karon hoton doki ne, ya ɗora hoton ƙofar gidanmu da safiyar yau har mashin ɗina na jingine a jikin dakali. Barista don Allah duba saƙonka na turo maka lambata.