Alhajin hatsi zai nemi kansila: musayar waƙa daga Gombe

Ɗan Bolari:
Salamu alaikum. Wani dillalin hatsi a mazaɓarmu ya fito neman kansila. Na buɗe da amsa-amon "wa", mai baiti ya kawo.

Da sunan Allah nake farawa,
Batun Alhajinmu na kasuwa,
Dillalin gero, masara da dawa,
Kujerar kansila yake sha'awa.

Mudunsa cikakke, ba ya ragewa,
Bashin talaka yana jinkirtawa,
Wanda ya riƙe amanar awo, 'yan uwa,
Mazaɓa guda zai iya kulawa.

Hajiya Mai Atamfa:
Ɗan Bolari, yabo ba ƙuri'a ba,
Mudu bai taɓa ba mutum tikiti ba,
Dokar ƙasa ba ta san indifenda ba,
In babu jam'iyya, bai shiga takara ba.

Shugaban mazaɓa ya sani ko bai sani ba?
Shugabar mata ta ji ko ba ta ji ba?
Ko maslaha za a yi, ba ka faɗa mana ba,
Fid da gwani ake ci tukun, ba fosta ba.

Ɗan Bolari:
Hajiya, yadi shida kika iya yankawa,
Siyasar mazaɓa bar wa masu iyawa.
Katin jam'iyya na aljihu, fom na zuwa,
Shaidar sakandare ba ta ɓacewa,
Ta haraji ma an je karɓowa,
GOSIEC, hukumar zaɓen jiha, ta tantance, ba mu da damuwa.

Hajiya Mai Atamfa:
Ranar zaɓe ka zo ka ƙirga layi,
Mata ne da goyo tun da sanyi,
Ku kuna majalisa kuna shan shayi,
Mu ke dangwalawa, mu muka san yadda ake yi.

Uwar Biyu:
Allah ya ƙara girma Hajiya! Layi da shayi, an rufe bakin ɗan koren Alhaji.

Ɗan Bolari:
Uwar Biyu, kowa ya san gidanku tutar wace jam'iyya ke kaɗawa. Tafinki na siyasa ne, bai shafi baiti ba.

Akawu:
Ku bar faɗa, ku zo batun jari,
Nan 'yan kasuwa ke faɗawa garari,
Asusun kamfe daban, na shago daban tun fari,
Uwar kuɗi ba a taɓa ta, riba ce ake ɗiba da tsari.

Kuɗin fom da fosta da man zagayen gari,
Abincin wakilai da katin waya, rubuta su a jeri,
Da kaka ake cika sito, buhu kan buhu, da wuri,
Kamfe ya cinye kuɗin kaka, bazara sai asara.

Malamin Aruli:
Akawu, maganarka zinariya ce, amma ma'auninka ya karye. Ɗangon farko gaɓa 10 ne, na huɗu gaɓa 19. Wane kari ne zai ɗauki wannan? Sannan ka taho da "ri" har sau bakwai, ka zo ƙarshe ka sauka a "ra". Mai lissafin kuɗi bai kamata ya kasa lissafin gaɓa ba.

Akawu:
Malam, tunda "ra" ta tsone maka ido, ga ta cike da mudu.

In ya ci, sai fom na bayyana kadara,
Gida da sito da mota duk a jera,
Jadawali na biyar na tsarin mulki ya gitta masa kara,
Mai cikakken ofis, ban da noma, sana'a sai ya bar wa yara.

Tun yanzu ya zaɓi mai riƙon shago, ya fara,
Ya koya masa littafin bashi, su gyara,
Wanda ya bar sito hannun wanda bai horar ba don takara,
Ya dawo ya tarar da ƙwari a wake, ɓera a masara.

Malamin Aruli:
Amsa-amo ya zauna. Tsawon ɗango har yanzu yana jan ƙafa.

Na Pantami:
Malam, makaɗi da kalangu ba ya ƙirga gaɓa, numfashi yake bi. In aka rera ta zauna a kunne, ta zauna.

Malamin Aruli:
Wannan waƙar baka ce, kiɗa ke cike mata giɓi. Rubutacciya ba ta da ganga, gaɓa mai nauyi da marar nauyi su ne gangarta. Ka rera ɗangon Akawu na huɗu da numfashi ɗaya mu ji.

Uwar Biyu:
Abin da na lura, Malam bai taɓa ƙirga wa Ɗan Bolari gaɓa ba. Ko arulin ma yana da jam'iyya ne?

Malamin Aruli:
Na ƙirga. Baitinsa na uku ya zo da ɗango shida bayan ya fara da ƙwar huɗu. Shi ma laifi ne, kuma na faɗa.

Wakilin Akwati:
Kun cinye mana yini a kan gaɓa. Ga abin da ke kayar da ɗan kasuwa.

Cikar shago ba ita ce cikar akwati ba,
Mai saye daga Kumo ko Dukku bai zama mai zaɓe ba,
Rajistar INEC ake bi, rumfa rumfa a duba,
Maƙwabcin da katinsa ke wata mazaɓa bai amfane shi ba.

Kowace rumfa wakili, ɗan unguwa mai karatu,
Suna da hoto su isa hukuma kan lokaci, a rubutu,
Ya ga akwati wayam kafin a rufe, ya shaida,
Ya tsaya har ƙirge, a kai masa abinci, kar ya je gida.

Ƙuri'ar da aka ce ta lalace, a ɗaga ya gani,
Dangwale biyu ne, ko tawada ce ta shafa wani?
Lamba da kalma su dace kafin ya sa hannu,
Ya karɓi kwafi, ya ɗau hoto, ya duba sannu sannu.

Ya bi takarda har inda ake tattarawa,
Tsakanin rumfa da can ne alƙalami ke juyawa,
Waya ba caji, fitila babu, dare na shigowa,
Ba kwafi a hannu, kotun zaɓe ba ta sauraron rantsuwa.

Na Pantami:
Wakili, ka tsare akwati, wa zai tsare sanarwa?
A 2024 nan Gombe mun ga rabawa,
Ciyaman 11, kansila 114, ba ragowa,
Jam'iyya mai mulki duk ta yi kwashewa.
A Bauchi ma ciyaman 20, ɗaya ba ta kuɓucewa,
Can wata jam'iyyar ce, amma hanya ɗaya ake bi wa.

Malamin Aruli:
"Ake bi wa" cusa ce don amsa-amo, Na Pantami.

Na Pantami:
Cusa ko ba cusa ba, ƙaryata lissafin in ka iya.

Hajiya Mai Atamfa:
Shi ya sa na fara da tikiti, ba ku ji ba. Yanzu ga alkawari, don nan ma ana yi wa mata ƙarya.

Kansila ba ya riƙe da baitulmali,
Ƙuduri yake kaiwa, ya zauna kan kasafi da hankali,
Ya bi aikin ciyaman, ya tambayi dalili,
Kar ya ce zai cike kwarin zaizaya, ya fi ƙarfinsa a asali.

Jadawali na huɗu ya lissafa aikin ƙaramar hukuma:
Kasuwa, tasha, mahauta, maƙabarta kuma,
Kwashe shara, yashe magudana kafin ruwa ya sauko,
Rajistar haihuwa da aure, ga inda zai sa ido tun farko.

Kotun Ƙoli a Yulin 2024 ta yi hukunci,
Kuɗin ƙaramar hukuma ya je hannunta, ba ta wani sashi,
To Alhaji ya iya karanta kasafi kamar littafin bashi,
Kuma ya nisanci 'yan daban Kalare, kar a zub da jini dominsa a kan kujerar wakilci.

Uwar Biyu:
Wannan baiti na Kalare a rubuta shi a bangon kowane ofishin kamfe. 'Ya'yanmu ne ake ba ƙwaya da adda.

Ɗan Bolari:
Afuwan, sai yanzu na samu zama.

Hajiya, kin yi zafi, amma zan isar da saƙo,
Akawu, batun mai riƙon sito shi ne na farko,
Wakili, kawo jerin rumfuna, mu san inda ke da sako-sako,
Asabar Alhaji zai zauna da mata, ku zo da sunan kowace kwata da ta toshe a loko.

Akawu:
Ka ce masa ya zo da littafin asusun kamfe ma, Ɗan Bolari. Wake zai fara shigowa kasuwa, mu ga nawa ya ware wa sito, nawa ya ware wa fosta.