Neman kalmar Hausa: me za mu kira ɗan wasan da Turawa ke ce wa homegrown?

Mai buɗe zance, daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon masu Hausa a baki. Ina ɗan rubuta sharhin ƙwallo, kuma duk sanda magana ta biyo ta kan rajistar 'yan wasa a gasar Firimiya ta Ingila sai in cije a kalmar homegrown. Ga yadda dokar take. Tun kakar 2010/11, kowane kulob yana yi wa manyan 'yan wasa 25 rajista, kuma waɗanda ba homegrown ba kada su wuce 17 a ciki. Wanda ake kira da wannan suna shi ne wanda ya yi kaka uku a rajistar wani kulob na Ingila ko Wales kafin ya cika shekara 21. Ba a tambayar inda aka haife shi, ba a duba fasfo. An kawo dokar ne bayan an daɗe ana kukan baƙi sun cika gasar har yaran ƙasar ba sa samun wasa, musamman da Ingila ta kasa zuwa gasar Turai ta 2008. Ni dai "ɗan gida" nake sawa, amma raina bai kwanta da ita ba.

Mai gidan kallo, daga Rigasa:
Wa alaikumus salam. Yaya, ai ɗan gida ta isa. Ɗan gida da baƙo, an gama. Ko yaron da ke share mini benci ya gane.

Mai buɗe zance:
Ita ce ta fi sauƙi a baki, amma tana da mai ita. Idan gidan rediyo ya ce "'yan wasan gida" ko "masu taka leda a gida", kowa ya san waɗanda ke buga gasar Najeriya ake nufi, irin waɗanda aka riƙa kai wa CHAN, gasar Afirka ta masu wasa a ƙasashensu. Sunday Mba da ya ci mana Burkina Faso a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2013 ɗan gida ne a wannan ma'anar, domin a gasar cikin gida koci Keshi ya ɗauko shi. Can inda mutum yake wasa yanzu ake nufi. Wadda nake nema kuwa tana magana ne a kan inda ya koyi wasan.

Ɗalibi, daga Kawo:
To a ce ɗan ƙasa mana, ko haifaffen ƙasa.

Malama mai koyar da Hausa, daga Unguwar Rimi:
Ƙanena, wannan ce ma ta fi ɓatar da mutum. Cesc Fabregas ɗan Sifaniya ne, ya zo Arsenal a 2003 yana shekara 16, dokar ta lissafa shi a cikin homegrown, kuma Sifaniya ya ɗaukar wa kofin duniya a 2010. Paul Pogba ya shiga Manchester United a 2009, shi ma haka, Faransa ta ci moriyarsa a 2018. Juya ta ɗaya gefen. Eric Dier an haife shi a Ingila, ya buga wa Ingila kofin duniya, amma da yake a Sporting ta Portugal ya girma, dokar ba ta sa shi a layin ba, gurbin baƙo ya riƙa ci a Tottenham. Idan ka rubuta ɗan ƙasa, ka mayar da Fabregas Bature ɗan Ingila, ka kuma kore Dier daga ƙasar ubansa.

Ɗalibi:
Na janye, Malama. To kiwon gida fa?

Mai gidan kallo:
Sai ka ce kajin Sallah. A bar wannan don Allah.

Baba tsohon ɗan ƙwallo, daga Unguwar Shanu:
Yarana, ku bar ni in sa baki, ko da yake ba kalma na kawo ba tukuna. Ina jin ku matasa kullum a gidan kallo kuna cewa baƙi ne suka kashe ƙwallon Ingila. Ku tambayi na gaba da ku. Kafin 1978 kusan ƙofa a rufe take, da wuya ka ga ɗan wata nahiya a gasarsu, amma Ingila ba ta je kofin duniya na 1974 ba, ba ta je na 1978 ba. Wane baƙo ne ya hana su a lokacin? Yanzu kuma da gasar ta cika maƙil da baƙi, sun je wasan ƙarshe na gasar Turai sau biyu a jere, 2021 da 2024. Abin da ya canja a tsakani shi ne sun zuba kuɗi a makarantun yara, sun buɗe cibiyar St George's Park a 2012, shekara biyar bayan nan suka ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 da na 'yan ƙasa da 20 a shekara guda.

Italiya ma haka. Da Koriya ta Arewa ta kunyata su a 1966 sai suka hana shigo da baƙi har 1980, suka ci kofin duniya a 1982, masu son rufe ƙofa suka ce kun gani. To a 2006 fa? Gasarsu cike take da 'yan Brazil da 'yan Ajantina, suka sake ɗauka, kuma duk tawagar a gida take wasa. Shi ya sa ni ban yarda da ƙirga baƙi ba. A ƙirga mini yara nawa kulob ya koyar, kuma nawa koci ya yarda ya sa su a fili ranar da wasa ya yi zafi.

Mai gidan kallo:
Baba, a gafarce ni, amma akwai inda ƙirgen yake aiki. Saudiyya ta doke Ajantina 2-1 a Qatar da 'yan wasan da duk a gida suke. Bayan nan Ronaldo ya zo, aka buɗe ƙofa, gurbin baƙi ya tashi daga takwas zuwa goma. Har Mancini da yake kocinsu ya yi ƙorafin 'yan wasansa suna zaman benci a kulob ɗinsu. Masar kuma ta hana ɗauko gola daga waje, don dai golan ƙasar ya samu raga.

Baba tsohon ɗan ƙwallo:
Ka yi gaskiya ɗana, kuma ba mu saɓa ba. Bature ɗan Ingila da ya rasa gurbi a Chelsea yana iya tafiya Jamus, kamar yadda Sancho ya bar Manchester City ya tafi Dortmund. Ɗan Saudiyya ba ya fita, albashin gida ya fi masa, to in baƙo ya karɓe masa gurbi sai benci. Ciwon yana kama ƙasar da 'ya'yanta ba sa fita. Mu nan wa ya tare mana gurbi a gasar Najeriya? Baƙin ba su taka kara sun karya ba. Mu ne baƙin a gidan wasu.

Ku tuna ranar 26 ga Disamba 1999, ranar da Chelsea ta fito da mutum goma sha ɗaya babu ɗan Birtaniya ko ɗaya, a wasansu da Southampton, jaridun Ingila suka yi ta kururuwa. A cikin sha ɗayan nan akwai ɗan garin nan Kaduna, Celestine Babayaro. Shi da Daniel Amokachi, wanda ya tashi a Ranchers Bees, su ne suka ci biyu daga cikin ƙwallo ukun da muka zura wa Ajantina a wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta Atlanta 1996. Rashidi Yekini a kulob ɗin masaƙar UNTL ya fara, nan Kakuri. Abin da Turawa ke kuka da shi, mu shi ya gina mana tawagar 1994 da ta 1996. Sai dai waɗancan a nan suka koyi ƙwallo, aka saye su da ƙafarsu a nune. Na yanzu fa?

Malama:
Baba, ka kawo mu daidai inda kalmar take. Ka ce Amokachi "ya tashi" a Ranchers. Ku riƙe wannan, zan dawo kanta.

Na fara tunanin "renon gida", tana da daɗin ji, kuma na taɓa jin masu sharhi suna cewa kulob kaza ne ya rene shi. Matsalarta, reno na jariri ne da ɗan yaye. Saurayi mai shekara 18 da aka sayo da kuɗi masu nauyi, ya yi kaka uku, a ce renonsa aka yi? Sai na koma kan "ɗan riƙo", domin a al'adarmu ɗan riƙo ba a gidan aka haife shi ba amma a gidan ya girma, ya san kowane lungu, ana aikensa kamar kowa. Ta yi wa Fabregas da Pogba daidai. Amma ta bar Harry Kane da Bukayo Saka a waje, su da aka haifa a can suka girma a can, alhali dokar ta haɗa su duka a suna ɗaya. "Horon gida" kuma, Bahaushe yana jin horo sai ya tuna bulala.

Abin da nake ba da shawara shi ne tashin gida. Ba ƙirƙira ba ce, muna faɗinta kullum. Ana cewa wane haifaffen Zariya ne amma tashin Kaduna ne. Ana cewa ka ji Hausarta, tashin Legas ce. Bahaushe ya riga ya raba haihuwa da tashi tun kafin a zo maganar ƙwallo, kuma tashi ba ta hana a ce a nan aka haife ka, ba ta kuma tilasta hakan. Sannan tana karɓar sunan wuri ba tare da an sake mata gini ba: tashin Ingila, tashin Arsenal, tashin Ranchers.

Mai buɗe zance:
Malama, Allah ya ƙara basira. Bari in gwada ta a kan namu. Alex Iwobi haifaffen Legas ne, tashin Arsenal. Ola Aina tashin Chelsea. Ademola Lookman haifaffen Landan, tashin Charlton, yana cikin waɗanda suka ɗaukar wa Ingila kofin 'yan ƙasa da 20 a 2017, ya dawo Najeriya a 2022, ya zama gwarzon Afirka na 2024. Victor Moses ya bar garin nan yana ƙaramin yaro, Crystal Palace ta koyar da shi, to a ƙwallo tashin Ingila ne duk da ƙurar Kaduna ya fara bugawa. Kai, ta zauna. Har ta sa na ga abin da ban lura da shi ba: tawagar da ta kai mu wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan a Fabrairun 2024, ɗan gida ɗaya ne a cikinta, golan Enyimba, bai ma buga ba, amma tashin Ingila sun fi a ƙirga da yatsu uku. Dokar da Ingila ta kafa don ta gyara tawagarta, mu ma muna ci daga tukunyar.

Ɗalibi:
Ina da ja, Malama, a yi haƙuri. Idan aka ce mutum tashin wuri ne, ƙuruciyarsa ake nufi. Fabregas a makarantar Barcelona ya yi ƙuruciyarsa har shekara 16. Ɗan Barcelona zai ce tashinsu ne, kuma ya fi gaskiya. Sannan wani zai karanta "tashin gida" ya ɗauka maigida ne ya ba 'yan haya notis.

Malama:
Ta biyun ba ta dame ni ba, domin ba a faɗinta ita kaɗai. "Ɗan wasa tashin gida" babu mai jin ta ya tuna kwashe kaya. Ta farkon kuwa ja ce mai ƙarfi, amma ba da Hausa kake ja ba, da dokar kake. Su ma Turawan sun daɗe suna gunagunin cewa kalmar tasu ta yi wa yaron da aka sayo yana 16 ko 18 yawa. Har shugaban hukumar ƙwallonsu na lokacin, Greg Dyke, ya nemi a rage shekarun daga 21 zuwa 18, kulob-kulob ba su bi shi ba. Inda tasu ta yi sako-sako, tamu ma za ta yi. Mai rubutu sai ya ce "tashin gida a dokance" idan ya zo kan irin su Fabregas.

Baba tsohon ɗan ƙwallo:
Ni ta yi mini. Amma 'yata, a gasar zakarun Turai dokar kashi biyu ce. A cikin gurbi takwas da aka ware wa tashin gida, akwai huɗu na waɗanda kulob ɗin da kansa ya koyar tsakanin shekara 15 da 21, sauran huɗun ko wane kulob na ƙasar ne ya koyar da su ya wadatar. Ya za ku yi da wannan?

Malama:
Tashin kulob da tashin ƙasa, Baba. Declan Rice a Arsenal tashin ƙasa ne, tunda West Ham ce ta fito da shi. Saka tashin kulob ne. Tashin gida ta zama uwar da ta rufe su biyun. Jam'i kuma ba ya taɓa ta: ɗan wasa tashin gida, 'yar wasa tashin gida, 'yan wasa tashin gida.

Mai gidan kallo:
Ni dai a allon da nake rubuta wasannin yau ba za ta shiga ba, wurin bai kai ba. Amma ranar Asabar zan jefa ta a musun da ake yi bayan an tashi wasa, in ji ko yaran Rigasa za su ɗauka. In sun ɗauka ta zauna, in sun yi mini dariya zan dawo in faɗa muku.

Mai buɗe zance:
Na gode ƙwarai. Ga yadda zan rubuta daga yau: ɗan gida ga mai buga gasar ƙasarsa, ɗan ƙasa ga mai fasfo, baƙo ga wanda ya zo daga waje, tashin gida ga wanda aka koyar a nan ko daga ina ya fito. Saura sunan iyakar da ake sa wa yawan baƙi a kulob. Ina ganin "gurbin baƙi" da mai gidan kallo ya faɗa ɗazu ba tare da ya lura ba, wani kuma ya turo mini "kason baƙi" ta akwatin saƙo. Malama, wacce ta fi?

Malama:
Gurbi na mutum ɗaya ne, kaso na jimla. Ka buɗe mata zance nata daban, yanzu an kira la'asar.